Sabuwa ko ta hannu: yadda nake lissafi kafin in sayi motar iyali

Motar da na fara saya wa iyalina ta yi wata biyu a ajiye a ƙofar gida, ƙura ta rufe ta har yara suna rubuta sunayensu a jikin gilashi. Wata uku kacal muka yi muna hawanta giyarta ta mutu. Ba gyaran ne ya gagara ba, kuɗin gyaran ne babu, domin duk abin da na tara na zuba shi a hannun mai motar ranar ciniki, ban bar ko na juyen mai ba. Har yau idan na tuna safiyar da na tsaya bakin titi da yara biyu sanye da kayan makaranta muna jiran abin hawa, ga motarmu a bayanmu ba ta motsi, sai raina ya sosu. Tun daga lokacin na sake yadda nake tunkarar sayen mota, kuma da aka haifi ɗanmu na huɗu, kujerun baya uku suka yi mana kaɗan, da wannan sabon lissafin na sayi wadda muke hawa yanzu, ga shi shekara shida ba ta taɓa kwana a hanya ba.

Kafin ka kalli ko mota ɗaya, raba kuɗinka. Ni ƙa'idata ita ce, idan abin da ke hannuna kashi 100 ne, motar ba za ta ci fiye da 80 ba. Sauran 20 na takardu ne da inshora da gyaran farko, da kuma ɗan abin da zai zauna a gefe don ranar da ba a zata ba. Wannan ba doka ba ce, abin da wuya ta koya mini ne. Idan sabuwa za ka saya kana iya matsawa zuwa 90, tunda garanti zai ɗauke maka manyan gyare-gyare. Amma ta hannu, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Komai kyanta akwai abin da za ta nema a watannin farko.

Na biyu, ka daina kallon kuɗin da aka rubuta a jikin mota kamar shi ne tsadarta. Tsadar mota ita ce abin da za ta ci maka daga ranar da ka karɓi makulli zuwa ranar da ka miƙa shi ga wani. Ɗauki takarda ka yi wa kowace mota da kake tunani layi ɗaya na shekara biyar: kuɗin saye, a cire abin da kake ganin za ka sayar da ita bayan shekara biyar, sannan a ƙara mai, da inshora, da gyara, da kuɗin ruwa idan da bashi a ciki. Abin da ya fi ba mutane mamaki a wannan lissafi shi ne mai. Motar da ke shan lita 7 a kilomita 100, idan kana yin kilomita 15,000 a shekara, lita 1,050 za ta sha. Wadda ke shan lita 11 kuwa 1,650. Bambancin lita 600 ne duk shekara, lita 3,000 a shekara biyar. Sau da yawa babbar motar da aka yi maka araha da ita, a gidan mai take karɓe rangwamen da aka yi maka, har da ƙari.

Sabuwar mota tana da abubuwa uku da ba zan raina ba. Ba ta da tarihi, wato babu wanda ya taɓa barin injinta ya yi zafi ko ya tsallake juyen mai. Tana da garanti: Toyota a Amurka, alal misali, tana ba da shekara 3 ko mil 36,000 a kan motar gaba ɗaya, da shekara 5 ko mil 60,000 a kan inji da giya, ita kuwa Kia a Turai shekara 7 take bayarwa. Sharuɗɗan sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, don haka ka karanta na inda kake, musamman wurin da ya ce a ina za a riƙa yi mata sabis. Na uku shi ne kwanciyar rai, kuma ga mai ɗaukar ƙananan yara da dare wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Abin da take karɓa a madadin haka shi ne faɗuwar daraja. Da zarar an yi mata rajista da sunanka ta zama ta hannu, kuma shekaru biyu zuwa uku na farko su ne lokacin da farashinta ya fi zubewa. Wannan asara ba a jin ta a aljihu kowace rana kamar kuɗin mai, shi ya sa ake mantawa da ita, sai ranar sayarwa take bayyana gaba ɗaya. Wanda ya sayi mota mai shekara uku ko huɗu, wani ne ya riga ya biya masa wannan kaso mafi zafi.

Sai maganar bashi, wadda ita ce ƙofar da yawancin masu ƙaramin ƙarfi ke shiga sabuwar mota ta cikinta. Mai sayarwa zai tambaye ka, nawa za ka iya biya a wata? Kada ka amsa wannan tambaya. Kai ka tambaye shi, jimilla nawa zan biya daga farko zuwa ƙarshe? Ga misali da lissafi zalla: idan ka ci bashin 100 a kan ruwan kashi 12 a shekara, kana biya wata-wata, a shekara uku kusan 120 za ka biya. Idan aka ja maka shi zuwa shekara biyar, biyan wata zai sauka daga kusan 3.3 zuwa 2.2, ka ji daɗi, amma jimillar ta haura 133. Abin da ya fi wannan muni shi ne a shekarun farko bashin da ke kanka zai iya fin darajar motar, ta yadda ko ka sayar da ita don wata lalura ba ka fita ba. Ni dai ra'ayina, sabuwar mota ta dace da wanda zai iya biyan kaso mai tsoka nan take, sauran ya ƙare cikin shekara uku ba tare da an taɓa kuɗin makarantar yara ba, kuma yana da niyyar riƙe ta shekara takwas ko goma. Wanda zai canza mota bayan shekara uku, shi ne ya fi kowa asara da sabuwa.

Akwai wani kuskure da nake so in tsaya a kansa, saboda ya shafi rayukan yara. Mutane suna ɗauka sabuwa ta fi ta hannu tsaro ko da yaushe. Ba haka ba ne. Da kuɗi iri ɗaya, zaɓinka yawanci tsakanin ƙaramar sabuwa ce mafi araha a jerin kamfani, da matsakaiciya mai shekara huɗu wadda aka ƙera wa kasuwa mai tsauraran dokoki. Ƙungiyar Global NCAP ta yi gwajin karo a kan wasu sababbin motoci masu araha da ake sayarwa a Indiya da Afirka, wasunsu ba su sami ko tauraro ɗaya ba cikin taurari biyar da ake auna tsaron mota da su. A ɗaya ɓangaren kuma, na'urar ESC, wadda ke taka birkin taya ɗai-ɗai da kanta idan mota ta fara zamewa a kwana, ta zama dole a motocin Amurka daga samfurin 2012, a Tarayyar Turai kuma kan duk sabuwar mota daga Nuwamba 2014. Saboda haka kada ka tsaya a kan shekarar mota kaɗai. Bincika sakamakon gwajin karonta a Euro NCAP, ƙungiyar gwajin karo ta Turai, ko makamanciyarta, ka tabbata na irin samfurin da ke gabanka ne, kuma ka sani taurari biyar na shekaru goma da suka wuce ba ɗaya suke da biyar na bana ba, domin gwajin ƙara tsanani yake yi. Ƙirga jakunkunan iska. Duba ko kujerun baya suna da maƙalan ISOFIX, ƙarafa biyu da ke ɓoye tsakanin mazauni da majingina inda ake kafa kujerar jariri, waɗanda a motocin Amurka ake kira LATCH. Sannan kujerar tsakiya ta baya: bel ɗinta mai ratsa kafaɗa ne ko na ƙugu kawai? Yaron da zai zauna nan ɗanka ne kamar sauran.

Idan lissafi ya kai ka ga ta hannu, kamar yadda ya kai ni, to ka zaɓi irin motar da ta cika titi. Na san zuciya tana son abin da ba kowa ke da shi ba, amma motar da ta yi yawa ita ce kowane bakanike ya san cikinta, kuma kayan gyaranta ba sai an yi oda an jira ba. Ba banza ba Corolla, wadda aka fara ƙerawa a 1966, ta wuce miliyan 50 a yawan da aka sayar. Ga iyali mai yara huɗu zuwa sama, irin su Toyota Sienna da Honda Odyssey masu ƙofar zugewa sun fi mini motoci masu tudu da aka liƙa wa layi na uku a baya, domin a yawancin masu tudun da zarar ka ɗaga kujerun ƙarshe but ya ƙare, kuma yaro ba zai buga ƙofar zugewa a jikin motar maƙwabci ba. Kafin ka yanke shawara je wurin masu sayar da kayan gyara ka tambayi kuɗin abubuwa huɗu na motar da kake so: birki, shokozoba, fitilar gaba, da famfon ruwa. Amsar da za ka samu za ta gaya maka irin zaman da za ku yi da ita.

Yanzu ga ranar dubawa, wadda ita ce komai.

Je da rana, kada ka je da magariba ko ana ruwa, domin jiƙaƙƙen fenti yana ɓoye aibi. Ka roƙi mai motar tun a waya kada ya tayar da ita kafin ka zo, kuma da isarka ka ɗora hannu a kan bonet. Idan da ɗumi, ka tambayi dalili. Inji mai ciwo da sanyin safiya yake tona kansa: ƙarar ƙarafa, jinkirin tashi, hayaƙi. Murɗa makulli zuwa inda fitilun dashbod ke kamawa ba tare da ka tayar ba. Fitilar inji da ta jakar iska da ta ABS, na'urar da ke hana taya kullewa idan an taka birki, dole su kama, sannan su mutu bayan an tayar. Wadda ba ta kama ba sam ta fi wadda ta ƙi mutuwa ban tsoro, saboda akwai masu cire ƙwan ko rufe shi don kada mai saye ya gani.

Koma baya ka kalli salansa yayin da wani ke taka totur. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi yana nufin inji yana ƙona baƙin mai. Baƙi yana nufin mai ya yi wa iska yawa. Fari mai kauri wanda bai ɗauke ba bayan inji ya ɗumama, wannan ruwan lagireto ne ke shiga inda bai kamata ba, kuma ni a nan nake sallama. Kashe motar ka buɗe murfin da ake zuba baƙin mai ka duba cikinsa. Idan ka ga wani abu fari-fari mai kauri kamar kirim, akwai yiwuwar gasket, shimfiɗar da ke hana ruwa da mai haɗuwa a kan inji, ya ƙone, ko da yake motar da ba ta yin doguwar tafiya ma takan tara irinsa, don haka bakanike ya tantance. Ruwan lagireto kuwa sai inji ya huce ake buɗe shi, kada ka kuskura da zafi. Idan giyar mai canza kanta ce kuma tana da sandar awo, ciro ta ka shinshina. Man giya mai lafiya yawanci ja ne, ba ya warin ƙuna. Motata ta farko da na san wannan kaɗai da ban saye ta ba.

Jikin mota ma yana magana. Tsuguna a gaba ka kalli gefenta a tsaye, za ka ga inda fenti ya yi tudu ko kalarsa ta ɗan bambanta. Tazarar da ke tsakanin ƙofa da ƙofa, da tsakanin bonet da gefe, ya kamata ta zama iri ɗaya dama da hagu. Ƙaramin maganaɗisu a cikin ƙyalle zai ƙi kamawa a wurin da aka cike da fila mai kauri, wato ƙullin da ake toshe lotsewa da shi, in dai jikin na ƙarfe ne. Ƙujewa da ƙaramin gyara ba abin damuwa ba ne, wace mota ce ba ta taɓa gogar bango ba? Abin gudu shi ne walda ko lanƙwasa a ƙarafan da ke ɗauke da motar, waɗanda za ka gani a cikin bonet da ƙarƙashin safaya taya. Motar da aka miƙe ƙashinta ba za ta kare kowa a karo na biyu yadda ta yi a na farko ba.

Motar da ambaliya ta ci ita ce mai kyan ɗan maciji. Waje fes, ciki kuwa wayoyi suna ruɓewa a hankali, yau gilashi ya ƙi sauka, gobe mota ta mutu a tsakiyar titi. Rufe ƙofofi ka zauna minti biyu ka shaƙi iskar ciki. Turare mai yawa abin tambaya ne. Ɗaga kafet, duba tsatsa a layin ƙarfen da kujera ke zamewa a kai, sannan ka jawo bel har ƙarshensa, domin masu wanki sukan manta da shi kuma tabon ruwa yana zama a can.

Mitar da ke ƙirga kilomita tana iya yin ƙarya, amma robar feda da sitiyari da gefen kujerar direba ba sa yi. Idan mita ta ce kilomita 50,000 alhali robar birki ta suɗe har ƙarfe ya fito, ka gaskata robar. Nemi takardun sabis. Motar da ta yi kilomita 140,000 da rasit na kowane juyen mai ta fi mini wadda ta yi 80,000 ba a san komai a kanta ba. Ka kuma tambaya ko injin yana amfani da taimin bel ne ko sarƙa wajen daidaita buɗewa da rufewar bawul-bawul, ƙofofin iska da hayaƙi na cikin inji. Idan bel ne, yana da wa'adin da littafin motar ya faɗa, kuma a injuna da yawa idan ya tsinke ana tafiya bawul-bawul sukan lanƙwashe. Babu shaidar an canza shi? To ka ɗauka ba a canza ba, ka sa kuɗinsa cikin lissafi.

Tayoyi suna ɗauke da ranar haihuwarsu. A gefen taya, ƙarshen rubutun da ya fara da DOT, akwai lambobi huɗu: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Tayar da ta wuce shekara shida ni ba na ɗora iyalina a kanta a doguwar hanya ko da zanenta bai cinye ba. Idan kuma gefe ɗaya ya fi ɗayan cinyewa, ƙafar motar na da magana.

Tuƙa ta aƙalla minti ashirin, rediyo a kashe, na'urar sanyi a kunne. Bi da ita hanya mai gargada ka saurari ƙafafu, ka hau babban titi ka ji yadda giya ke shiga, ka taka birki da ƙarfi inda babu kowa a bayanka ka ga ko tana ja gefe ɗaya. Idonka na kan allurar zafi duk tsawon tafiyar.

Duk wannan da na lissafa share fage ne, don ka san motar da ta cancanci ka kira mata bakanike. Naka, ba na mai motar ba, ba kuma wanda dillali ya nuna maka ba. Ka biya shi ladansa ko an yi ciniki ko ba a yi ba, don kada ya zama cinikin ne abincinsa. Ya ɗaga motar ya shiga ƙarƙashinta, ya kuma jona mata na'urar karanta kwamfuta a soket ɗin OBD da ke ƙasan sitiyari, wanda motocin kasuwar Amurka ke da shi tun 1996. Na'urar tana iya nuna ko an goge kurakurai kwanan nan. Lokacin da muke neman motarmu ta yanzu, akwai wata da na riga na sa a raina, uwargida ma ta yaba. Bakanikena ya fito daga ƙarƙashinta yana goge hannu ya ce, "Maigida, in kana son shawarata, mu bar musu kayansu." Ban ji daɗi ba a lokacin, amma na bi maganarsa. Mai motar da ya hana a kai ta gareji ya riga ya ba ka amsa.

Ka zo da iyalin kafin a biya kuɗi. Da gaske nake. Ka kafa kujerar jaririn a ciki, kowa ya zauna inda zai riƙa zama ya ɗaura bel, a sa keken jariri da jakunkuna a but a rufe. Idan uwargida ma za ta riƙa tuƙawa, ta tuƙa, ta yi baya da ita, ta ga ko tana hango ƙarshen motar. Mu a nan ne muka gane cewa wata motar da ta yi kyau a ido ba ta ɗaukar kujerun yara biyu da mutum a tsakaninsu.

Takardu kuma ba a yi musu gaggawa. Kowace mota ta zamani tana da lambar VIN mai haruffa da lambobi 17, babu I ko O ko Q a cikinta. Za ka gan ta a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba da kuma jikin ginshiƙin ƙofa. Karanta ta ɗaya bayan ɗaya ka gwada da ta takarda. Da wannan lamba za ka iya bincika a intanet ko an taɓa rubuta motar a matsayin wadda ta yi mummunan hatsari, da ko kamfaninta ya yi kiranyen gyara da ba a kai ta ba. Wannan na ƙarshen ba wasa ba ne: jakunkunan iska na kamfanin Takata, waɗanda ke iya fashewa su watso ƙarfe, sun sa an yi kiranyen miliyoyin motoci na kamfanoni daban-daban, kuma har yanzu akwai tsofaffin motocin da ba a canza musu ba. Tabbatar sunan mai sayarwa shi ne a takarda, kuma babu bashin banki a kan motar. A wajen ciniki ba na kushe mota, jerin abin da bakanike ya rubuta nake ajiyewa a gaban mai ita, taya biyu, taimin bel, birkin baya, da kuɗin kowanne, in ce a cire wannan.

Makon farko da ta shigo hannunka, kashin nan 20 da ka ajiye zai fara aiki. Juye baƙin mai da matatarsa ko da an rantse maka jiya aka yi, canza matatar iska, a duba man birki da ruwan lagireto, a gwada batir. Fito da jak da abin kwance taya ka gwada su a gida da rana, ka auna iskar safaya. Sayi ƙaramin littafi ka rubuta kwanan wata da abin da mita ta nuna da duk abin da aka yi, ka ajiye shi a aljihun dashbod. Namu yanzu ya kai shafi na goma sha ɗaya, kuma babbar 'yata ce ke rubutawa duk ranar da muka dawo daga gareji.